Damin Wanda Bai Komo Ba

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauko da wuri, aka zuba iri, hatsi ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke ta bar mu da rana. Jikokina na shiga suna fita suna duban gabas, kowa ya dawo fuska a murtuke, wai ba su taɓa ganin damina irin wannan ba. Ni dai ina bakin ɗaki ina tsince wake. Sun ci tuwo jiya, kuma sun san da sauran dami a rumbu, to me zan tanka musu? Amma ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa ta sake bushewa ya mai da ni shekarar da muka ci anza, ina matar aure da ɗiya ɗaya a baya.

A lokacin garin nan bai kai rabin yadda yake yanzu ba. Gidajen kara ne a kan tudu, tsakanin Mai Yara da rijiyar Dakoro, wadda ba kowa a bakinta sai makiyaya da raƙumansu. Abin da ya tara mutane a nan makarantar Malam Alasan ce. Duk yaron da aka haifa a garin a zaurensa ya koyi riƙon allo, har da 'ya'yan rugage. Maigidana ma a nan ya yi karatu har ya zama gardi, wato babban ɗalibi mai koyar da na ƙasa da shi. Sunansa Illa, yanzu tsufa ya ba ni damar faɗa.

Makarantar tana da gona a kwari, ƙasa mai riƙe laima, inda Fulani ke sauka da shanu da rani su bar mata taki don Malam ya yi musu addu'a. Malam ya raba gonar yanki-yanki, kowane gardi da nasa. Shi zai shuka, shi zai nome, in an girbe a kai rumbun makaranta, malami da ɗalibai su ci.

Sai dai shekarun nan na yaƙi ne. In an gama kai amfani gida, sai manzon sarki ya iso daga Tsibiri a kan doki, a buga ganga a ce ana son dakaru. Ba mu san abin da ya haɗa sarakunan ba, mu dai mun san kowane gida zai ba da namiji. Gardawa aka fi ɗauka, don ga ƙuruciya ga ƙarfi, kuma ana son tafiya da masu addu'a. Wasu su komo da akuya ko tabon mashi, wasu kuma a komo da kwarinsu da baka a miƙa wa iyayensu.

Saboda waɗannan na ƙarshe Malam ya kafa wata al'ada. Wanda duk ya tafi yaƙi, allonsa na rataye a zaure ta hannun dama, da karatunsa na ƙarshe a jiki, ba a wankewa. In ya komo ya sauke abinsa ya ci gaba. In mutuwarsa ta tabbata, sai a mai da allon hannun hagu, yankinsa na gona kuma ya zauna da sunansa. Ɗalibai masu rai su nome masa, in kaka ta yi a ɗaure damman kowane mamaci dabam, a jera a ƙofar zaure, a ɗora allonsa a kai. Malam ya kira sunansa da na ubansa da inda ya faɗi, a yi karatu, sannan a ɗauki damman a kai gidan uwarsa. Haka kowace shekara, muddin uwa ko ɗansa na raye. Ranar kiran suna ake ce mata. Har yau ana yi, jikan Malam ke riƙe da makarantar, amma gara ta ci gefen allunan, an haɗe yankunan gona ɗaya, ana karanto sunayen a dunƙule yara na amin suna leƙen ƙwaryar gumba. Ba laifinsu ba ne, ba su san ko fuska ɗaya ba.

Da sharaɗi guda a cikin al'adar. Karon farko da za a sa mutum cikin matattu, sai uwarsa ta tsaya gaban jama'a ta faɗi sunansa da bakinta. An taɓa yi wa wani gardi sadaka har shekara biyu, sai ga shi ya shigo gari da ƙafarsa, ya gudo daga bauta. Tun daga ranar Malam ya rantse ba zai ƙara kashe kowa da bakinsa ba.

Illa ya tafi ina da cikin fari, na haihu ana tsakiyar ruwa aka sa wa yarinyar Marka. Waɗanda suka komo daga wannan yaƙi bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani ya ce ya ga ya faɗi a bakin gulbi sa'ad da dawaki suka tarwatsa su. Wani ya ce a'a, ya hange shi cikin waɗanda aka ɗaure aka yi yamma da su. Ba a kawo kwari ba, ba a kawo baka ba. Allonsa ya ci gaba da zama a hannun dama, hatsin yankinsa na shiga rumbun makaranta kamar na kowane mai rai.

Muka rage mu biyu a gidan, ni da surukata Inna Hure, sai jaririya. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Doguwar mace ce busasshiya, ba ta da yawan magana, in kuwa ta kafe a kan abu gara ka je ka tura rumbu. Kakar farko Malam ya aiko a tambaye ta ko za ta tsaya ranar kiran suna. Ta ce wa ɗan aiken in Malam ya ga gawa ya zo ya nuna mata kabari. Kaka ta biyu bai ma aiko ba. Ban ga laifinta ba, don a lokacin ni ma in na ji kukan jaki a hanyar kudu sai na leƙa.

Daminar da ta gabaci shekarar anza ba ta yi auki ba, saboda haka muka shiga bazara da rumbu a rabi. Zafin shekarar ya fita dabam. Yashi na ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, ruwan rijiya ya yi nisa har aka ƙara wa igiya tsawo, guga na fitowa da taɓo. Shamuwa ta zo ta zauna a kan gawon masallaci, muka yi murna, amma hadari ya riƙa haɗuwa da la'asar yana watsewa. Muka gaji da jira muka yi binne, wato muka zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ina gaba da sungumi ina sara, Marka a bayana tana jiƙa ni da gumi, Inna na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige.

Ruwan ya zo, mai kyau kuwa. Hatsi ya tsiro kore shar, sai iska ta taso daga gabas ta kwaso yashi ta binne tsiron, ta ƙona sauran. Muka sake shuka da ɗan irin da Inna ta ɓoye a cikin gora. Daga nan ba sauran iri, kuma ba sauran abin da ke rumbu sai abin da tsintsiya ta tattaro.

Wanda bai yi noman fari da yunwa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Hauya mai dogon icce ba ta da nauyi, amma a ranakun nan in ka tura ta gaba sai ka ji kamar ita ke jan ka. Ido ya riƙa ganin duhu-duhu, kunne na ƙara. Gayya ba ta yiwu ba, don ba a kiran mutane aiki ba tare da fura ba. Malam ya turo mana gardawa wata safiya suka rage mana gefe guda, suka tafi ba su sha ko ruwan tsamiya ba, Inna ta yini ba ta ɗaga kai ta dubi kowa ba don kunya.

Da fari ganye ya rufa mana asiri. Tafasa, gasaya, yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan gari. Da garin ya ƙare muka koma dusa. Akuyarmu ɗaya, wani Buzu daga wajen Azagor ya karɓe ta ya ba mu hatsin da muka ja da shi har maimai, wato noma na biyu. Bayan nan sai anza. Itace ne da ke ko'ina a dajinmu, awaki ma ba su cika kula shi ba. A tsinko 'ya'yan, a fasa, a dafa, a jiƙa ana ta sauya ruwa har ɗacin ya ragu. Ba ya fita duka, yana zama a maƙogwaro har ka yi barci da shi. Mata muka riƙa fita da sassafe muna tonon gidan tururuwa muna ƙwace abin da ta tara, wasu na kakkaɓe ƙarangiya suna dakawa don ƙwayar da ke ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun gari. Da asuba ba ƙarar turmi ko ɗaya, sai kukan kurciya.

Duk da haka muna da rai a kan gona. Hatsin shuka ta biyu ya tashi, ya yi ciki, saura ruwa biyu ko uku ya zuba ido. A nan sama ta ɗauke. Aka fita roƙon ruwa, aka yanka abin da ya samu, yara suka zagaya gari da alluna a ka. Ganye ya nannaɗe, ya yi fari, zangarniya ta fito tsirara, in ka murza sai ƙaiƙayi. Mutane suka fara ɗaure kaya suna yin kudu. Na aika gidanmu a Sabon Maci ko za su karɓe ni da yarinya, aka ce sun riga sun watse, ƙofar ma an toshe ta da ƙaya.

Marka ta riga ta fara tafiya kafin damina, har tana bin kaji. Yanzu ta koma zama. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ciki ya fito, ƙafafu suka zama kamar kara. Nonona ya daɗe da ƙafewa. Da tana kuka, daga baya ta daina, sai dai ta bi ka da ido.

Gonar makaranta kaɗai ta tsira a garin, saboda laimar kwari da takin shanu da yawan hannu. Ba ta yi kamar kullum ba, amma ta yi. Hanyar tsinkar anza ta gefenta take bi, yankin Illa kuma shi ne na bakin hanya, kusa da wata aduwa. Kullum na wuce sai na auna shi da ido. Ban ɓoye ba, ina son hatsin nan, ina son sa fiye da yadda na taɓa son komai.

Da aka fara girbi na je na durƙusa a ƙofar zaure. Malam Alasan ya tsufa sosai a lokacin, shi ma yunwar ta rage shi, rawani ya yi masa yawa.

"Allah gafarta Malam, ɗiyar Illa ba ta kai rani in ba a yi wani abu ba."

"Na sani, Sa'a. Na gan ta."

"To a ba mu na yankinshi. Ai shi ya sare wurin da hannunshi."

Ya murza tazbaha. "In na ba ku na mai rai, gobe uwar kowane ɗalibi ta zo ta durƙusa nan inda kike, kuma ba wadda ta yi ƙarya. Mi zan ce masu? Yaran da iyayensu sunka bar mani amana kuma su ci mi?"

"To ni in tsaya ran kiran suna. Ni in hwaɗi."

"Uwa na raye, ba a jin bakin mata. Ba ni na hana ki ba, ɗiyata, haka munka ɗauro abin tun farko."

Ya sa aka auno mini hatsi a ƙwarya daga nasa rabon. Na yi godiya, na fito ina jin haushinsa, ina kuma sanin gaskiyarsa.

Namu girbin bai ɗauke mu yini ba. Gona sukutum, muka tsinto abin da ke da ɗan ido, bai cika dami biyu ba, shi ma rabinsa ƙaiƙayi, sauran kuwa irin baɗi ne da ba a taɓawa. Muna zaune gindin rumbu muna dubansa na ce mata, "Inna, jibi za a kira suna."

"Kunnena ƙalau."

"Dubi ɗiyar ga."

"Na gan ta. Allah shina nan."

"Allah shina nan, hatsi ma shina nan, ga shi can kwari an ɗaure."

Ta juyo ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba. "So kike in tsaya gaban gari in kashe shi don cikinki? Ke in ya mutu kya wanke kai ki yi wani aure. Ni in sake haihuwa?"

"Ba cikina ba, Inna. Jininshi ne wanga da ke zaune ba ta iya korar ƙuda."

"Wancan da anka yi ma sadaka bai komo ba? Da ƙahwa tai ya shigo garin ga, ina tsaye bakin rijiya."

Maganar auren ta yi mini ciwo, don ni ma ban so ya mutu ba, kukana ne kawai ya riga nata ƙarewa. Muka yi kwana biyun nan ba mai ce wa wani sannu, muna jiƙa anza a tukunya ɗaya.

Ranar da safe na ji yara na kai da komo da damma daga kwari. Na zauna na ɗora Marka a cinya ina ƙoƙarin ba ta anza da na murje da ruwa. Ta karɓa, ta riƙe a baki, ya dawo ta gefen leɓe. Na sake, ya sake dawowa. Inna na ƙofar ɗakinta tana kallo. Ta taso ta karɓe ta daga hannuna, ta ɗaga ta kamar za ta goya, sai ta tsaya. Na ga tana jinjina ta a hannu yadda ake jinjina ƙwarya a ji ko da abu a ciki. Ta miƙo mini ita, ta shiga ɗaki, ta fito da baƙin zanenta na zuwa suna da jana'iza.

"Goya ta," ta ce. "Mu tahi."

Mun tarar an fara. An jera damman a ƙofar zaure tsibi-tsibi, kowane da allo a kansa, tawadar wasu ta dushe har ba a gane ta. Maza na zaune a gaba, ɗalibai a gefe, mata a baya bakin danga. Rabin garin ya tafi, waɗanda suka rage duk ido ya faɗa. Malam na tsaye da sanda yana kira a hankali, wane ɗan wane, ya faɗi a wuri kaza. Ɗalibai su ɗauki karatu, a shafa, wata tsohuwa daga cikinmu ta ce ta karɓa, gardawa biyu su ɗauki kayan su bi ta. A shekarun ƙoshi akan yi kuka a wurin nan. A ranar ban ji kukan kowa ba, idon kowa na kan damman.

Da ya kira na ƙarshe ya ɗaga hannu zai yi addu'ar tashi, Inna ta ratsa mata ta fita fili.

"Malam, saura guda."

Malam ya sauke hannu. Ya san ko wane ne, kowa ya sani, amma sai da ya tambaya.

"Wa ke nan, Hure?"

Illa ɗanta ne na fari, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin sa a bakinta ba, sai dai ta ce yaron nan, ko ta ce shi. Ta tsaya tana motsa baki ba sauti, har na zaci za ta juya. Sannan ta faɗa da ƙarfi, yadda ake kiran mutum daga gona mai nisa.

"Illa. Illa ɗan Nomau."

Malam ya aika aka sauko da allon daga hannun dama. Aka jawo damman yankinsa daga cikin waɗanda za a kai rumbun makaranta, guda huɗu, aka ɗora allon a kai. Ya kira sunan, da ya zo wurin faɗin inda ya faɗi sai ya ce Allah ne ya san wurin. Aka yi karatu aka shafa. Inna ta ce ta karɓa, ta juya, gardawa suka biyo mu da kaya a ka. Illa bai komo ba, ba a wannan shekarar ba, ba kuma bayanta ba, har yau ba wanda ya kawo labarin da ya fi na farko.

Muna isa gida ta kwance dami ɗaya da kanta. Ita ta sussuka, ita ta sheƙe, ita ta surfa, ta hana ni taɓa taɓarya. Maƙwabta suka ji ƙarar turmi suka leƙo ta danga, ta ɗiba ta ba kowa a tafin hannu. Ta dama kunu mai ruwa-ruwa, ta zauna ta ɗora Marka a ƙafa tana ɗura mata kaɗan-kaɗan da bakin ludayi. Na farko ya dawo. Na biyu ya wuce, na ga maƙogwaron yarinyar ya motsa. Ta sha har ta kama ludayin da hannunta.

Inna ta turo mini sauran ƙwaryar. Na sha rabi, na miƙa mata.

"Inna, ga naki."

Ta mai da hannuna baya. "Sha, ki samu ƙarhin goyo. Ni na sai da shi, kuma in ci kuɗinshi?"

Ta jawo tukunyar anza, ta juya mana baya, ta fara ci.